Abinci Daga Sama, Wuta Daga Sama: Abin da Gidajen Ƙasar Gwandu Suka Gada Daga Yaƙin Jirage

A watan Disamba na 1943, dubban sojojin Afirka ta Yamma suka fara kutsawa cikin duwatsun Arakan na ƙasar Burma, suna neman kwarin kogin Kaladan. Babu titi a gabansu, babu layin dogo, babu kasuwa. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon mil 75 a cikin kurmin gora, kuma ko da aka gama ta, ba ta iya ɗaukar abin da runduna guda take ci a yini. Saboda haka shinkafarsu da gishiri da harsashi da magani, har wasiƙun gida, duk daga sama suke zuwa. Jirgin Dakota zai iso ya yi ta kewaya filin da aka share, a shimfiɗa masa alama a ƙasa, mutanen cikinsa su riƙa turo kaya ta ƙofar gefe, wasu da laima, wasu buhuna haka nan tsurarsu. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ita ce babbar runduna ta farko a sojan Ingila da aka ciyar kacokan ta jirgin sama, wata da watanni.

Yawancin 'yan Nijeriya da ke cikin wannan runduna, da ta 82 wadda ta biyo bayanta, manoma ne da makiyaya da 'yan dako, kuma da Hausa ake ba su umarni, don ita ce harshen bariki tun zamanin Lugga. Kimanin mutum 90,000 Afirka ta Yamma ta tura yaƙin Burma, rabinsu ko fiye daga Nijeriya. Lardin Sakkwato na wancan lokaci, wanda ya haɗa ƙasar Gwandu gaba ɗaya, tun daga Birnin Kabi har Jega da Aliero da Sabiyal da Maiyama, yana cikin lardunan da aka ɗebi samari. Sarkin Gwandu Yahaya ne ke kan gado. Ya hau a 1938, shekara ɗaya da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Razdan ya faɗa wa sarki adadin da ake so, sarki ya sauke wa hakimai, hakimai su sauke wa masu gari. Wani don kansa ya tafi, saboda sule guda a rana da kaki da kwaɗayin ganin duniya. Wani kuwa mai gari ne ya nuna shi da yatsa. Daga nan sai tafiya zuwa bakin dogo, sai barikin horo na Zariya, sai Ikko, wato Legas, sai teku.

Abin da ya rage na wannan tafiya a gidajen tsofaffin soja na Arewa guntaye ne. Jika ya san kakansa ya yi yaƙin Hitila, ko da yake ba Jamusawa ya yaƙa ba, Japanawa ne. Ya san an yi makonni a kan ruwa ba a ga tudu ba. Ya san akwai dajin da rana ba ta kaiwa ƙasa, da ruwan sama da ke yin wata biyar, da matsattsaku masu shan jini. In kuwa akwai jirgin sama a cikin labarin, to kakan yana ƙarƙashinsa ne: ko yana jiran buhu ya faɗo, ko yana kwance a rami yana jiran bam ya wuce.

A Ingila labarin gida ya sha bamban, domin can kakan yana cikin jirgin. Kimanin mutum 125,000 suka yi aiki a cikin jiragen bama-bamai na rundunar sojan saman Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 55,573 daga cikinsu ba su dawo ba. Babu wani sashen sojan Ingila da ya yi asarar rai mai yawa haka idan aka auna da yawan mutanensa. Jirgin Lancaster mutum bakwai yake ɗauka: matuƙi, da injiniya, da mai duba taswira ya nuna hanya, da mai saitin bam, da mai rediyo, da 'yan bindiga biyu, ɗaya a gadon bayan jirgi ɗaya a wutsiya. Yawancinsu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Ƙa'ida ita ce mutum ya kai hari sau 30 kafin a ba shi hutu, kuma a shekarun da wuta ta fi zafi waɗanda ke cika talatin ɗin ba su da yawa.

Kowane ɗayansu yana da littafin aiki da yake cikewa da hannunsa: kwanan wata, lambar jirgi, sunan matuƙi, garin da aka nufa, da awa nawa aka yi a sama, harin dare da jan tawada. Wannan littafi shi ne jikoki ke ɗaukowa yau. Da shi za su je ma'adanar takardun gwamnati su gano wane dare, wane gari, su waye sauran shidan. Duk da haka gwamnatinsu ta daɗe tana jin nauyin karrama waɗannan mutane, saboda abin da bama-bamansu suka yi wa fararen hula: wutar Hamburg ta Yulin 1943 ta ci kusan mutum 40,000, ta Dresden a Fabrairun 1945 ta ci kusan 25,000. Sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Landan. A 2018 aka buɗe wata cibiya a garin Lincoln, mai bangayen ƙarfe ɗauke da sunayen mamatan, inda ake adana muryoyin tsofaffin da na 'ya'yansu.

A cikin waɗannan muryoyi akwai ta ɗan wani ɗan Nijeriya. Akin Shenbanjo mai rediyo ne a jirgin Halifax na rukuni na 76, a wani sansani da ke Yorkshire. Abokan aikinsa, fararen fata duka, sun rubuta wa jirginsu suna Baƙin Yarima saboda shi. Ya gama adadin harinsa da rai, aka ba shi lambar yabo ta DFC a 1944, ya zauna a Ingila bayan yaƙi. Bankole Vivour, ɗan wani sanannen gida a Ikko, bai yi wannan sa'a ba. Yana cikin ma'aikatan wani Lancaster na rukuni na 156 a daren 30 ga Maris 1944, lokacin da aka tura jirage 795 su kai wa Nuremberg hari, 95 ba su koma ba. Wannan ne dare mafi muni da jiragen bama-baman Ingila suka gani a duk yaƙin, kuma a cikinsa ya rasu. Johnny Smythe na Saliyo, mai nuna hanya a jirgin Stirling, an harbo su a kan Jamus a Nuwamban 1943. Ya diro da laima da rauni a jikinsa, ya yi shekara ɗaya da rabi a sansanin fursunoni, daga baya ya karanta shari'a ya zama babban lauyan gwamnatin ƙasarsa.

Sunayen kaɗan ne, kuma da gangan aka yi su kaɗan. A takarda, Ingila ta ɗage dokar hana baƙar fata shiga wannan aiki a Oktoban 1939. A aikace kuwa, hukumomin mulkin mallaka a Afirka sun toshe hanya, har mutum 60 kacal aka karɓa daga nahiyar, alhali tsibiran Karibiyan sun ba da ma'aikatan jirgi fiye da 400. Wasu 5,200 an ɗauke su a wata rundunar taimako ta Afirka ta Yamma, aikinsu a ƙasa: gadi, tuƙin mota, zuba mai, gyara. Waɗanda suka samu shiga jirgin 'yan garuruwan bakin teku ne da suka yi sakandare, suka iya Turanci da lissafi, wasunsu ma da kuɗin aljihunsu suka biya jirgin ruwa zuwa Ingila. A Arewa kaf kwaleji ɗaya ce, ta Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, kuma malamai da ma'aikatan En'e take fitarwa. Yaron Sabiyal da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta ajami, yake riƙe lissafin fatauci a ka, ba rashin basira ya hana shi kujerar mai nuna hanya ba. Ba a gina masa matakalar da za ta kai shi wurin ba ne.

Jiragen kansu kuwa sun san Arewa sarai. Jiragen farko da suka zo Nijeriya ma na bama-bamai ne: ƙananan DH9A guda uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Shekara goma sha biyar bayan haka, hanyar da ya bi ta zama jijiyar yaƙi. Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ta zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, Faransa ta faɗi. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, su ratsa Darfur zuwa Kartum, su bi kogin Nilu har Alkahira. Abin da ya buɗe wannan hanya shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, wanda ya juya wa gwamnatin Vichy ta Faransa mai biyayya ga Jamus baya ya bi Janar de Gaulle a Agustan 1940. Ayarin farko ya tashi ranar 20 ga Satumba na shekarar. Tsarin shi ne jirgin bam na Blenheim, mai ɗauke da mai nuna hanya, ya shige gaba, ƙananan Hurricane su bi shi a baya kamar fatake bayan madugu. Kafin ƙarshen 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan, kuma wanda ke karɓarsu a hamadar Masar da Libiya na wani lokaci shi ne wancan Coningham ɗin. Amurkawa ma sun biyo da nasu manyan jiragen daga Birazil, ta Akara da Kano.

Jamusawa sun san darajar hanyar. Ranar 21 ga Janairu 1942 wani jirginsu guda ɗaya, Heinkel, ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone man da aka tara. Mutanen Kano da Maiduguri su ne suka share filaye, suka mirgina gangunan mai, suka yi gadi, kuma a gidajensu ne ake samun labarin ganin jirage birjik a ƙasa.

Ƙasar Gwandu ba ta kan wannan layi. Nata rabon na daban ne, kuma ya fi nauyi. Iyakar Nijar da Dahomey, can wajen Kamba da Gaya, ta zama iyakar abokan gaba har zuwa Nuwamban 1942, saboda hukumar Faransa da ke can tana bin Vichy, kuma hakan ya takura fataucin da kasuwanni irin ta Jega suka dogara da shi. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Jos, wanda talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa sanyin tsaunin Filato, inda rashin abinci da ciwon ƙirji suka kashe da yawa. A tsakiyar wannan aka yi yunwar da ake kira 'Yar Gusau. Ga neman gyaɗa da auduga da fata, ga tarin kuɗin taimakon yaƙi, wanda da irinsa Nijeriya ta sayi jiragen Spitfire har aka sa wa rukuni na 91 na sojan saman Ingila sunanta. Wato talakan da bai taɓa ganin cikin jirgi ba ya sa kwabonsa a sayen jirgi.

Waɗanda suka fi kowa sanin jirgi a cikin sojojin Nijeriya su ne na Birged ta 3, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12. An cire su daga Runduna ta 81 aka ba Janar Orde Wingate, mai rundunar da ake kira Chindit, wadda aikinta shi ne a sauke ta can bayan layin Japanawa ta datse musu hanya. An fara wannan aiki daren 5 ga Maris 1944, da jirage marasa inji waɗanda Dakota ke ja da igiya. Wingate kansa bai ga ƙarshensa ba: ranar 24 ga Maris jirgin bam na Amurka da ya ɗauko shi, samfurin Mitchell, ya faɗa kan dutse a Manipur, ba wanda ya fita. A cikin makonnin nan aka kwashi 'yan Nijeriya a Dakota, da alfadaransu da kayansu, aka sauke su a wani fili a tsakiyar daji da aka sa wa suna Aberdeen. Mutanen da akasarinsu ba su taɓa shiga mota ba sai da suka shiga soja, ga su a sama cikin dare.

Daga nan aka tura su wani sansani kusa da Mawlu, a kan layin dogon da ya haɗa Mandalay da Myitkyina. Farin Birni ake ce masa, saboda fararen laimomin kaya da suka maƙale a bishiyoyi suka rufe wurin. Tun daga farkon Afrilu Japanawa suka tasam masa: da rana igwa da jiragen bam, da dare farmaki a kan wayar ƙaya, dare bayan dare. Masu tsaron suna kiran jiragen Amurka ta rediyo, Mustang da Mitchell su zo su zuba wuta a kan tuddan da ke kewaye, wani lokaci 'yan taku kaɗan daga ramukansu. Ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu suna sauka su kwashi masu rauni. Sansanin bai faɗi ba. A watan Mayu aka janye daga cikinsa bisa umarni. Duk wanda ya fito daga can ya san ƙarar jirgin da ke kawo abinci, ya san ta wanda ke kawo mutuwa, ya kuma san cewa wanda ke cikin rami ba shi da abin yi illa ya saurara.

Labarin waɗannan mutane ya shiga littafi ne ta dalilin wani ɗa da ya riƙe abin da ya ji a gida. Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a 1967 ya rasu a 2022, ɗan tsohon sojan Burma ne. Ya haɗa labaran gidansu da binciken takardu ya rubuta ƙagaggen labari mai suna Burma Boy a 2007, kuma gwarzon littafin yaro ne mai jin Hausa da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, ya ƙare a Farin Birni. Haka ma Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe a bakin Kaladan a 1944 wasu manoma Musulmi na Arakan suka ɓoye shi wata tara, shi da kansa ya rubuta abin da ya same shi, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawunsa har ƙauyen. Dukansu biyu masu ilimin boko ne. Dubban da suka koma Jega da Argungu da Zuru da Yawuri sun ba da nasu labarin a dandali da zaure, aka saurara, aka yi mamaki, aka tashi.

Runduna ta 82 ta shiga Arakan a Disamban 1944, ta gangara kwarin Kalapanzin, ta haɗu da ta 81 suka kama Myohaung a Janairun 1945, sannan ta ci gaba kudu ta Dalet da An da Tamandu, ita ma rabin cikinta a hannun Dakota. Yawancinsu sai 1946 suka ga gida. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Wasu sun samu aikin ɗan doka, ko masinja, ko direba, ko gadi. Mafi yawa sun koma gona da ɗan kuɗin sallama wanda bai kai na farar fata mai muƙami ɗaya da su ba. Akwai waɗanda suka dawo ba sa barci, suna firgita da tsawa, suna faɗa ba dalili. Gari ya ce yaƙi ya taɓa su, ko iska ta shige su, aka yi musu rubutu da turare. Matan da suka zauna da su sun san abin da ba a faɗa a dandali ba, kuma su ne ba wanda ya tambaya.

Abin takaici, sunayen wuraren da suka sha wuya suna nan a bakin mutane kullum ba tare da an san asalinsu ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan da Tamandu da An a Legas, Letmauk a Ibadan, har Dodan inda shugabannin soja suka mulki ƙasar nan, duk sunayen Burma ne. Direban da ke sauke fasinja a ƙofar Dalet zai yiwu kakansa ya kwana a ainihin Dalet ɗin cikin ruwan sama.

Ƙarni na biyu na labarin ya zo da yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, kuma a nan ne 'yan Arewa suka fara yaƙi daga cikin jirgin. An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, da sansanin horo a Kaduna, amma da yaƙi ya ɓarke ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya. Biyafara ce ta riga ta: tsohon jirgin bam samfurin B-26, wanda wani ɗan Poland mai suna Jan Zumbach ke tuƙawa, ya kai hari Makurɗi da Kano. A Agustan 1967 manyan jiragen Tarayyar Sobiyet suka fara sauke MiG a filin jirgin Kano. A 1968 aka samu jiragen bam na Ilyushin 28, waɗanda Misirawa suka fi tuƙawa. Dakota ma ta dawo, wannan karon an ɗebo ta daga jigilar fasinja, ana turo bam ta ƙofar da a Burma ake turo shinkafa, musamman a kan filin jirgin Uli na Biyafara cikin dare. Shugaban rundunar, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin jirgi a Oktoban 1969.

Sojan ƙasa ya kumbura daga kusan 10,000 zuwa kusan 250,000 a cikin wata talatin, kuma samarin Jihar Arewa maso Yamma suna da yawa a ciki. Waɗannan su ne tsofaffin sojan da har yanzu ake iya samu da rai a Jega da Maiyama, su ne ke fitowa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Su ma a ƙasa suka yi yaƙinsu. Amma wannan yaƙi yana da wani gefe da gidajen Arewa ba su cika faɗa ba, gidajen Gabas kuwa ba su manta ba: bama-baman da suka faɗa kasuwanni, irin ta Umuohiagu da ta Ozu Abam a Fabrairun 1969, inda ɗaruruwan mata da yara suka mutu. Tambayar da Ingila ta yi shekara sittin tana kaucewa game da Dresden, Nijeriya ba ta ma zauna ta yi wa kanta ita ba. Wanda duk zai tattara labarin iyayensa na wannan yaƙi da gaskiya, dole ya bar wa wannan gefe wuri.

Yau mutumin Sabiyal ya fi sanin jirgi ta wajen aikin hajji, daga filin Ambursa kusa da Birnin Kabi, kuma 'ya'yan Arewa sun kai ƙololuwar rundunar sojan sama. Sai dai ƙarar jirgin yaƙi ta dawo wannan yanki. Bayan 'yan bindigar Lakurawa sun kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, an ƙara matsa musu ta sama. Ranar 25 ga Disamba na shekarar, harin jirgi a Gidan Bisa da Rumtuwa na ƙaramar hukumar Silame a Jihar Sakkwato ya bar mutanen ƙauye kusan goma a mace. Soja suka ce maɓoyar 'yan bindiga suka nufa. Shekara ɗaya kafin nan, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa taron Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aka binne mutum 85 a ƙidayar hukuma. Manomin da ɓarayin daji suka hana noma yana roƙon jirgi ya zo, kuma yana tsoron zuwansa. Matuƙin da ke sama, wanda zai yiwu ɗan Kabi ne ko ɗan Zamfara, shi ma yana da uwa da ke jiran wayarsa, kuma wata rana 'ya'yansa za su so su san abin da ya gani da abin da ya yi.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika ɗari a 2025. 'Ya'yan da suka haifa bayan dawowa sun doshi tamanin, kuma su ne na ƙarshe da suka ji labarin daga bakin mai shi. Aliero tana da jami'a tun 2006, kusan kowane gida yana da waya mai ɗaukar murya, kuma takardun ba su ɓace duka ba. Fayilolin Lardin Sakkwato suna ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna. Akwai Gidan Arewa a can, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsofaffin bugun jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya riƙa shiryawa a Zariya daga 1939, suna ɗauke da labaran yaƙin kamar yadda aka karanta su a lokacin. Waɗanda suka mutu a can kuwa, sunayensu suna maƙabartun Taukkyan kusa da Rangun da Chittagong a Bangladesh, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa su a intanet. Magatakardan soja sun saba rubuta mutum da sunansa na yanka sai sunan garinsu, don haka mai nema ya gwada Jega, ya gwada Gwandu, ya gwada Kabi da Sakkwato da rubutun Turawa iri-iri.

Mabuɗin shi ne takardar sallama, in tana nan a ƙasan adaka. A kanta akwai lambar soja da bataliyarsa. In ta ce bataliya ta 4, mutumin yana cikin waɗanda suka shiga Kaladan da Runduna ta 81. In ta ce ta 1, ta 2 ko ta 3, Runduna ta 82 ce, kuma in ya shiga tun farkon yaƙi zai yiwu ya riga ya yi Somaliya da Habasha, yana cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Ta 5 da ta 9 da ta 10 su ma Runduna ta 82 ce, hanyar Kalapanzin da Myohaung. In kuwa ta ce ta 6, ta 7 ko ta 12, to ɗan Chindit ne, a cikin Dakota aka kai shi fagen fama, kuma iyalinsa na iya neman labarin Aberdeen da Mawlu na watannin Afrilu da Mayu 1944 su ga inda ya kwana.